Sandar Kawu da Rogon Filin Tasha

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma, mai sanda da wanda aka doka. Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya cika da hantsin wata Laraba a gidansa na unguwar Akurba, ana tsakiyar zafin bazara, ruwan farko bai sauka ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa abin da hannunsa ya yi cikin fushi.

Na je gidajen rasuwa da yawa a garin nan na Lafiya, amma ban taɓa ganin inda mutane suka zo da adduna ba sai na Kawu. Ni ne nake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, don haka da idona na gani. Keke napep ya tsaya, samari suka sauko, ƙotar adda tana leƙowa daga ƙarƙashin kujerar baya. Wani ya zo zai zauna ya kasa lanƙwasa ƙafa saboda abin da ya soke a wandonsa. Garin kallonsu na shimfiɗa tabarma guda a baibai ban sani ba.

Babban Yaya, ɗan farin Kawu, bai zauna ba sam. Ya shiga ɗakin mamaci ya fito da sandar mahaifinsa, yana kai da kawo da ita a ƙofar gida. Duk wanda ya ce masa, "Ya haƙuri?" sai ya ce, "A bari mu dawo daga maƙabarta tukuna." Kowa ya gane abin da yake nufi.

A tsallaken titi, ƙarƙashin wani mangwaro, dangin Suruki ne a tsaye, wato mijin 'yar Kawu. Gwandara ne, manoma, maƙwabtanmu tun kafin a haife ni. Sun zo jana'iza amma ba su ƙetaro ba, samarinsu ma hannuwansu na cikin riga. Suruki yana tsakiyarsu, kansa a ƙasa. Babu wanda bai sani ba a unguwar cewa hannunsa ne ya yi dukan da ya kwantar da Kawu, kwanciyar da bai tashi ba.

Yaya Mace, matar Suruki, ta iso a guje babu takalmi, 'ya'yanta na biye da ita. Babban Yaya ya gitta sanda a ƙofa ya ce, "Ke shiga. 'Ya'yan wancan su tsaya waje."

Inna, matar Kawu, ta fito daga zaure. Ba ta yi kuka ba tun safe. Ta ture sandar da bayan hannu kamar ta ture labule, ta ce, "Gawar kakansu ce a ciki, ba taka kai kaɗai ba." Ta ja yaran ta shige.

Wanda ya fi kowa kuka a ranar ba ɗan gida ba ne. Wani tsoho ne mai sayar da lemo a kasuwa, mai giɓi a gaba. Yana kuka yana buɗe baki yana nuna wa mutane giɓin. "Shi ya yi mini wannan," in ji shi. "Ina saurayi na turo keke da buhun lemo, na kutsa ta ƙarƙashin shingen layin dogo, jirgi na tahowa. Ya fizgo ni ta wuya, ya wurgar da ni gefe, jirgi ya niƙe keken. Ina murna na tsira, sai ji na yi sanda a bakina. Na ce, Baba, ai na tsira! Ya ce, shi ya sa na doke ka, matacce ba ya jin duka." Mutane suka yi dariya ba su shirya ba, suka kuma yi shiru da suka dubi Babban Yaya.

Ni kuwa ina ɗauke da saƙon da Kawu ya bar mini, wanda na san in na faɗe shi sandar nan tana iya sauka a kaina. Amma sai na koma baya kafin a gane saƙon.

Kafin in fara rubutun nan sai da na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi ko ambaton dukan da mamaci ya yi wa mutane ya zama cin namansa. Ya ce in dai ba don in tozarta shi ba ne, kuma ban ƙara komai ba, in rubuta. Na koma washegari na sake tambaya don in tabbata. Ya ce, "Malam tela, jiya ma na ba ka amsa." Saboda haka abin da na gani zan ce na gani, abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a bakin layin dogo. Shi ne mai rufe hanya idan jirgi zai wuce. Sandarsa ƙotar diga ce da ya samu wurin leburorin layi, ta yi baƙi ta yi santsi don riƙo. Da ita yake kora awaki daga kan layi, da ita yake kora mutane, kuma bai cika bambanta su ba. Yakan ce, "Jirgi ba ya sanin ɗan wane ne kai." Lokacin da jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta rufe layin, mata suka koma shanya rogo a kansa, Kawu bai taɓa ƙetare shi ba sai ya tsaya ya dubi dama ya dubi hagu. Yara suna kwaikwayonsa daga nesa, daga nesa sosai. Ni ma ya taɓa samuna zaune a kan ƙarfen layi ina cin gyaɗa, shekaru bayan wucewar jirgin ƙarshe. Marin da ya yi mini har yau kunnena na hagu yakan yi ƙara idan hadari ya haɗu.

Bai taɓa cewa kowa ya yi haƙuri ba. Ban ji ba, Inna ma ta ce ba ta taɓa ji ba. Abin da yake yi shi ne, bayan ya doke ka ya huce, sai ya zo ya tsaya kusa da kai, ba ya kallonka, yana kallon wani wuri can, ya ce, "Ka ci abinci?" In ka ce ba ka ci ba, ba da jimawa ba za ka ga kwano ya zo, da tsokar da shi ya kamata ya ci a sama. Ranar marin nan na ci kan kaza. Mai lemo ya ce shi sakwara aka kai masa har gida, ga shi ba haƙorin cin nama.

Sai aka zo da labarin sabuwar tasha. Aka ce za a gina ta a bakin layin, daidai inda gidajenmu suke, don ƙaramin jirgi da zai riƙa kawo ma'aikata da 'yan kasuwa cikin gari da safe, ya mayar da su da yamma. Mutanen wani kamfani suka zo da na'urar awo mai ƙafa uku, suka bi gida-gida suna shafa jan fenti a bango. Unguwa ta rikice. Kawu kaɗai ya yi wanka ya sa babbar riga kamar ranar Idi. Babban Yaya ya ɗauki dutse ya jefi motar masu awo, gilashi ya fashe. Kawu ya bi shi da sanda tun daga bakin layi har cikin gidan maƙwabta, magidanci mai 'ya'ya, ya doke shi a gaban matarsa har sai da Babban Yayan ya kasa ɗaga hannu. "Jirgi zai dawo," in ji shi, "kai kuma kana jifansa tun bai iso ba!"

Bai yarda katafila ta taɓa gidansa ba. Shi ya hau da kansa ya ɓamɓare kwano, ya sauko da azara, ya sa muka rushe bangon da hannu. Ya ce gidan da ya gina ba baƙo ne zai kayar da shi ba. Muka kwashe muka koma Akurba.

Da farko aiki ya yi gudu. Aka share fili fetal, aka haƙa ramuka, aka zuba kankare, ginshiƙai suka tashi har suka wuce tsayin mutum, rodi na tsirowa a kansu. Aka kafa babban allo mai hoton tashar, duk gilashi, da mutane masu jakunkuna suna murmushi. Kawu kullum yana can tun safe, ba wanda ya ɗauke shi aiki, yana kora yara daga bakin rami. Sai wata safiya muka ga babu motoci. Aka ce sun tafi hutu. Hutun ya cinye damina, ya cinye rani. Bayan nan sukan dawo jefi-jefi, su ɗora 'yan layukan bulo, su sake wa allo fenti, su ɓace. Rodin ya yi tsatsa ya yi ja. Rana ta cinye fuskokin mutanen cikin hoto, suka zama farare babu ido.

Fili mai kyau irin wannan ba ya zama banza a Lafiya. Ƙasar ma asalinta gonar kakannin su Suruki ce, kafin a yi gidaje a wurin. Baban Suruki, wanda shi da Kawu abokan hira ne tun suna samari, ya zo ya ce a noma wurin kafin masu shi su waiwayo. Su biyun suka raba wa waɗanda aka tasa, kowa da 'yar gonarsa a tsakanin ginshiƙai da gefen layi. Kawu ya kafa sharaɗi guda: ba a shuka abin da zai wuce damina ɗaya. Wake, gyaɗa, masara, agushi, riɗi, kuɓewa, duk an yarda. Ban da rogo, ban da doya, ban da itace ko na barkono mai daɗewa. Dalilinsa shi ne fili na jirgi ne, aro muka yi, kuma mai aro ba ya binne abin da zai sa shi faɗa ranar da mai abu ya zo.

Baban Suruki yakan tsokane shi da irin Hausarsa. "Kai Babarbare, jirgin nan naka ba ta zuwa. Ta yi aure a wani gari."

Kawu ya ce, "Zai zo, ya same ka kana tauna rogo a kan layi, ni kuma ba zan ja ka ba."

"In ta zo ka ce ta tsaya in gama ci."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Amma wake ba ya riƙe gida kamar rogo. Rogo ka sa shi ka manta, ya jira ka a ƙasa har ranar yunwa. Suruki yana da bakin ciyarwa da yawa a gida, kuma mutum ne mai aiki kamar ba ya gajiya, ba shi da yawan magana. Wata shekara ya dasa rogo a gonarsa bai gaya wa kowa ba. Ina wurin ranar da Kawu ya gani. Ya ajiye sanda, ya shiga gonar, ya riƙa tumɓuke karan ɗaya bayan ɗaya yana jifa kan layi. Suruki ya zo a guje ya riƙe masa hannu.

"Baba, jikokinka ne za su ci."

"Sake ni."

"Baba, tun yaushe ake cewa gobe? Ɗan da aka haifa ranar da aka rushe gidanka yanzu shi ke kai mini ruwa gona."

Kawu ya ɗauki karan rogo ya zabga masa a fuska, fatar goshi ta tsage. Suruki bai rama ba, ya tsaya jini na bin hancinsa. Washegari Kawu ya je ya tsaya a bakin gonar yana kallon ginshiƙai ya ce, "Ka ci abinci?" Suruki ya ce, "Na ƙoshi." Wannan ne karo na farko da na ji an ba shi wannan amsa, kuma na ga yadda ta shige shi.

Bara da farkon damina ciwon ƙafa ya kwantar da Kawu. Kafin ya miƙe, Suruki ya sake dasa rogo, kuma wannan karon ba shi kaɗai ba. Kowa ya bi, Gwandara da namu. Har Babban Yaya ya tara kunyar doya a bayan allo. Da Kawu ya dogara sanda ya isa filin, ya tarar da shi kore shar, rogo ya kai ƙugu. Ba zai iya tumɓuke wannan duka ba. Sai ya ce, "Kun binne faɗa a ƙasa, zai kuwa tsiro." Ni na ji tsoron maganar har na kasa cin tuwo ranar.

Wajen ƙarshen damina, rogo ya fara sa saiwa amma bai ƙosa ba, sai ga katafila a kan babbar mota da sassafe. Babu wanda aka sanar. An ce mini wai manyan baƙi za su zo duba aiki, aka ce a share wurin kafin su iso. Wannan ji na yi, ban tabbatar ba. Abin da na gani shi ne, lokacin da na iso daga shago, katafila ta riga ta cinye rabin filin. Tana tura rogo da ƙasa gaba ɗaya, saiwoyi farare ƙanana suna fitowa suna karyewa, sirara kamar yatsun yaro. Mata suna bin bayanta suna tsinta suna ihu. Masu ba da umarni suna cikin mota, da suka ga jama'a na taruwa suka ja suka gudu, suka bar direban shi kaɗai.

Dutse na farko ya fasa masa goshi. Samari suka hau suka jawo shi ƙasa ta ƙafa, kansa ya bugu da ƙarfe. Ba ɗan gari ba ne, Hausarsa ma kaɗan ce, yana ta cewa, "Abeg, abeg, aiki ne, an aiko ni!" Suka rufe shi da duka, da ƙafa, da ƙotar fartanya, da bulon tashar kanta. Na ga bakinsa ya cika da jini yana tofar da haƙori. Wani ya tsiyayo fetur daga babur a gorar ruwa, wani ya mirgino taya. Na ji ana kiran ashana. Ni ina tsaye ina ta salati.

Ban ga ta inda Kawu ya fito ba. Ƙarar sandar na fara ji. Yana dukan duk wanda ke gabansa, ba ya duba fuska: na Gwandara, namu, har Babban Yaya ya samu a gwiwar hannu. Mai gorar fetur ya samu a tsintsiyar hannu, gorar ta faɗi. "'Yan banza! Shi ya ce ku dasa? Ni za ku ƙona, ni na raba muku filin!" Da ya ga sun fi ƙarfin sanda, sai ya jefar da ita ya faɗa kan direban ya rufe shi da jikinsa, babbar rigarsa ta lulluɓe su duka biyun.

A daidai lokacin Suruki ya kutso. Gonarsa ce aka fara cinyewa. Ya fizgo guntun rodi daga tarin da aka bari, ya ɗaga da hannu biyu tun daga nesa, idonsa a rufe da fushi. Na rantse ba Kawu ya nufa ba, direban ya nufa, don lokacin da ya ɗaga, Kawu bai faɗa ba tukuna. Amma ƙarfe in ya taho ba ya komawa. Ya sauka a gadon bayan Kawu, ƙasa da wuya. Na ji ƙarar, irin ta busasshen icce.

Suruki ya saki rodin ya durƙusa. Direban ya ja jiki ya fita daga ƙarƙashin rigar, wasu mata suka ɓoye shi a wani gida har aka zo aka ɗauke shi. An ce ya rayu. Katafila ta kwana biyu a wurin aka zo aka tafi da ita. Ko baƙin sun zo ko ba su zo ba, ni ban gan su ba. Ginshiƙan suna nan yadda suke, babu bulo ɗaya da ya ƙaru.

Kawu bai sake taka ƙasa ba. Asibiti suka yi nasu, mai ɗori ya yi nasa, ƙafafun suka ƙi. Da hukuma ta zo tambaya ya ce shi tsoho ne, faɗuwa ya yi, ƙarfe kuma ya cika wurin. Suka dubi juna suka tafi. 'Ya'yansa maza suka yi rantsuwa a tsakar gida cewa ran da ya cika, Suruki zai bi shi. Suruki ya daina kwana a gida ɗaya. Yaya Mace ta rame har zobe yana faɗuwa daga yatsanta.

Wata rana Kawu ya ce a kira masa Suruki. Babban Yaya ya ce sai dai a kan gawarsa. Kawu ya ce, "Miƙo mini sandar nan, ka matso kusa." Mutumin da ba ya iya juyawa da kansa, amma Babban Yaya ya fita ya ba da hanya. Suruki ya shigo da rarrafe, ya kifa goshi a bakin gado. Kawu ya juya fuska yana kallon bango ya ce, "Ka ci abinci?"

Suruki ya ce, "Ban ci ba, Baba."

Daga ranar shi ne mai juya shi, shi ne mai ɗaga shi, shi ne mai yi masa aski. Kawu yana zaginsa yana cewa hannunsa kamar garma. In wani ya zo zai taimaka sai ya ce, "Bar shi, shi ya ɓata, shi zai gyara." Amma duk lokacin da Suruki zai fita, sai Inna ta raka shi har titi, saboda samarin da ke zaune a ƙofa.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu ya kira ni, ni da Inna. Ya ce, "Kai matsoraci ne, shi ya sa ba ka iya ƙari, ba ka iya ragi. In na mutu ka faɗa a gaban jama'a: Suruki ne zai shiga kabarina ya kwantar da ni. Shi ya san inda ke mini ciwo." Na ce, "Kawu, za su kashe shi a cikin ramin." Ya ce, "To su kashe shi a kaina in gani."

Wannan ne saƙon da nake ɗauke da shi ranar Larabar nan. Bayan an yi sallah an ɗauki makara, dangin Suruki suka biyo daga baya, da tazara a tsakani. Duk hanya ina maimaita maganar a zuciyata don kar in canza kalma. A bakin kabari, da liman ya ce 'ya'yan mamacin su shiga, sai na matso gaba. Na faɗa yadda aka faɗa mini. Liman ya ce, "Wa ya shaida?" Na ce Inna. Ƙanin Babban Yaya ya shaƙo wuyan rigata har maɓalli ya tsinke. Liman ya ce, "Wasiyya ce. Wanda zai karya ta ya fito ya faɗa da bakinsa, ga mai ita nan kwance." Ba wanda ya fito.

Baban Suruki ya riƙe ɗansa ya ce, "Kar ka shiga, ramin nan ba ta da ƙofa." Suruki ya zame hannunsa, ya tuɓe takalmi ya sauka. Aka miƙa masa Kawu. Ya karɓe shi yadda ya saba, hannu ɗaya a ƙarƙashin wuya, yana kauce wa wurin ciwon kamar har yanzu zai ji. Ya kwantar da shi a kan dama. Aka fara miƙa masa itacen da ake jerawa a kan gawa kafin a sa laka. Babban Yaya yana tsaye daidai saman kansa, sanda a hannu. Ina ganin ƙeyar Suruki, ina ganin sandar. A bayana na ji ƙarar adda tana fita daga kube, a can ɗaya gefen ma haka.

Itacen ya ƙare, da saura ɗan wuri a buɗe ta wajen kai. Ko masu saran ne suka gaza, ko kabarin ne ya yi tsawo, ban sani ba. Suruki bai ɗago ba. Ya miƙo hannu sama ya ce, "A ƙaro ɗaya, ƙasa za ta zubo masa a fuska."

Babban Yaya ya ɗaga sandar ya sauke ta a kan hannun da dukan ƙarfinsa. Na ji yatsu sun karye. Jama'a suka yunƙura, liman ya daka tsawa, Baban Suruki ya buɗe hannuwa ya tare samarinsa da ƙirji. Suruki ya yi wani nishi, ya dafa bangon kabari da goshi. Sannan ya sauke wannan hannun, ya miƙo ɗayan.

"A ƙaro ɗaya," in ji shi.

Ban san tsawon lokacin da hannun ya yi a sama ba. Babban Yaya yana huci, sandar na hannunsa. Sai na ga ya juya ta, ya miƙa ta ƙasa ta wajen mariƙi. Suruki ya karɓa ya gitta ta a wurin da ya rage. Ta zauna daidai. Aka sa laka, aka jawo shi waje, aka tura ƙasa. Babban Yaya ya zauna dirshan a kan turɓaya ya fashe da kuka irin na yara. Addunan da suka zo, a cikin riguna suka koma.

Ba zan ce an shirya ba, don ban ga an yi musafaha ba. Yatsu biyu na Suruki sun ɗoru a karkace. Babban Yaya ba ya shiga gidan ƙanwarsa, kuma ni har yanzu in na ji hayaniya a titi sai na ajiye almakashi na leƙa. Tasha tana nan, allon ya karkace, an ce za su dawo bayan damina, kamar yadda aka saba cewa.

Da ruwa ya sauka mutane suka koma filin. Na zaga shi da kaina, har bayan allo, har gefen layi, na sake zagawa don kar in rubuta abin da ba haka ba. Babu rogo ko tushe ɗaya. Wake ne da gyaɗa da agushi, alhali babu sauran mai sanda.

Ina wurin rannan Babban Yaya ya zo wucewa a kan babur. Suruki yana sunkuye yana noma, fartanya a hannun hagu. Babban Yaya ya tsaya a bakin layin, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ƙetaro. Bai kashe babur ba, bai yi sallama ba. Ya ɗaga kai yana kallon rodin da ke kan ginshiƙai, ya ce, "Ka ci abinci?"

Suruki ya miƙe a hankali ya ce, "Ban ci ba, Yaya."

"To," in ji Babban Yaya, ya ja babur ya tafi.

Allah Ya yalwata wa Kawu makwancinsa, Ya sa sandar nan ta tare masa ƙasa kamar yadda ta tare mu daga jirgi, Ya kuma ba mu ikon riƙe abin da ya bari ba tare da ita ba. Amin.